Kakar da aka saya da kakan da ya saye ta

Shekara uku ke nan da aka yi wata rigimar aure a gidanmu. An daɗe da ɗaura auren, har an yi suna, amma ni har yau maganar ba ta sake ni ba.

Wani yaro ne ya fito neman 'yar baffana. Malamin firamare ne, mai natsuwa, yana ɗan taɓa cinikin hatsi in kaka ta yi. Da aka tura a bincika asalinsa, sai aka dawo da labarin cewa kakanninsa daga rinjin wani hakimi suka fito. Baffa ya buga ƙasa ya ce shi ba ya ba bawa 'yarsa. Aka taru a tsakar gida bayan la'asar, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Gwaggo, babbar yayarsu wadda ta haura tamanin, tana gefe kan tabarma tana jan carbi. Sai da kowa ya gama sannan ta ɗago ta ce, "Kai Auta, in bawa kake gudu, fara da kanka. Uwar ubanmu da wuri aka saye ta."

Tsakar gida ta yi tsit. Ina da shekara arba'in da biyu a duniya, ban taɓa jin wannan magana ba.

Da dare na bi ta ɗaki. Gwaggo a ɗakin wannan tsohuwa ta tashi, ita ta goye ta, don haka abin da ta faɗa mini daga bakin mai shi ta ji. An kamo ta tana ƙarama, haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba. Mahaya ne suka faɗa wa ƙauyensu da asuba, ita da yayanta suna korar tsuntsu a gona. Ta tuna duwatsu, ta tuna hayaƙi, ta tuna igiya a wuya da tafiyar kwanaki. A hanya aka raba ta da yayan, ba ta sake ganinsa ba. Ta bi hannu biyu ko uku kafin ta iso hannun Malam, kakan babana, wanda ya ajiye ta a gida har ta girma, ya sa ta a ɗaka, ta haifa masa kakanmu. Tsagen fuskarta ba irin na kowa ba ne a garin. Sunan ƙauyensu ya ɓace mata. Gwaggo ta ce a ciwon ajalinta, wajen shekarar da aka samu mulkin kai, zazzaɓi ya sa ta yi ta magana da wani yare da babu mai jin sa a gidan, tana kiran wani suna guda ɗaya tana maimaitawa.

Shi kuwa Malam, sunansa aka sa mini, shi ya sa Gwaggo ba ta kirana sai Mai-sunan-Malam. Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa yana nan a gafaka a ɗakin babana, warƙa-warƙa, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Mutum ne da ake ba da labarin tsentseninsa: ba ya cin kyautar sarakai, ba ya barin ƙiyamul laili, ya taɓa bin wani bafatake tafiyar yini guda don ya mayar masa da wuri ashirin da aka yi kuskuren ƙirga. Da wannan labarin aka tarbiyyantar da mu.

Na ce, "Gwaggo, to Malam ya yi laifi ke nan?"

Ta ce, "A zamaninsu halal ne, ɗan nan. Kuma ya riƙe ta da mutunci, bai taɓa ɗaga mata hannu ba." Ta yi shiru, sannan ta ƙara da cewa, "Amma duk shekara in dawa ta fara nuna, takan zauna a bakin ƙofa ta fuskanci kudu, ba ta magana da kowa har magariba."

Wannan zama a bakin ƙofa shi ya hana ni barci. Jinin su biyun ne ke yawo a jikina, na mai saye da na wadda aka saya, kuma ina son su duka.

Na kai maganar majalisarmu, inda muke shan shayi bayan isha'i. Amsa biyu na samu, kowacce da saurinta. Wani abokina da ya yi karatu mai zurfi a jami'a ya ce ai kyau da muni duk al'ada ce, kowane zamani da mudunsa, abin da ya zama laifi yau jiya ado ne, addini ma bin zamani yake yi yana canza riga. Wani matashi mai ƙoƙarin karatun addini ya ce a'a, abin da shari'a ta halatta ya halatta har tashin ƙiyama, bauta ba a soke ta ba, dalilinta ne kawai babu, in ya dawo ta dawo, kuma duk wanda ransa ya sosu da wannan to Turawa ne suka wanke masa kai.

Maganar abokina na farko tana da daɗin ji, domin tana wanke Malam tas. Sai dai in na karɓe ta, dole in yarda cewa igiyar da aka sa wa yarinya 'yar shekara bakwai a wuya ba komai ba ce, mu ne kawai yanzu ba ma sha'awarta, kamar yadda muka daina sha'awar wani ɗinkin riga. Kuma dole in yarda cewa kukan da ta yi shekara sittin ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Zuciyata ta ƙi. Wanda aka zalunta ya san an zalunce shi tun kafin zamani ya ba shi izinin faɗa.

Shi kuma matashin, tambaya ɗaya na yi masa. A watan Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, bayan 'yan makonni Abubakar Shekau ya fito a bidiyo yana cewa zai sayar da su a kasuwa. A shekarar dai ƙungiyar da ke kiran kanta daular Musulunci ta buɗe cinikin matan Yazidawa a Iraƙi da Siriya. Na ce masa, a ranar da ka ji wannan, me ka ji a ƙirjinka? Ya ce ƙyama. Na ce to wa ya wanke maka kai? Limaman da suka hau mumbari suka la'anci abin, da malamai sama da ɗari daga ƙasashen Musulmi da suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Bagadadi, shugaban ƙungiyar a lokacin, a watan Satumba na shekarar suna cewa dawo da bauta haramun ne, duk 'yan koren Turawa ne? Bai ba ni amsa ba, ni ma ban matsa ba, don yaro ne mai gaskiya, tsoronsa kada a warware addini zare-zare. Tsoron nan ina da irinsa.

Tambayar nan tsohuwa ce a wurin malamanmu. Mu'utazilawa sun ce hankali da kansa yana gane kyakkyawa da mummuna, Allah ya hana zalunci ne domin zalunci mummuna ne. Mabiya Abul Hasan al-Ash'ari, wanda aƙidarsa ce aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, suka ce hukuncin lada da zunubi daga shari'a yake zuwa, hankali ba shi da ikon ɗora wa Allah doka. Na yi shekaru ina ɗaukar wannan saɓani a matsayin wasan ƙwaƙwalwa na manya. Yanzu na lura da wani abu: duka ɓangarorin biyu babu wanda ya ce zalunci yana iya zama alheri don mutanen gari sun saba da shi. Kuma hadisin ƙudusin da Muslim ya ruwaito daga Abu Zarri ya rufe ƙofar: Allah ya ce ya haramta wa kansa zalunci, ya sanya shi haramun a tsakanin bayinsa. Abin da Mahalicci ya haramta wa kansa babu wata shekara da za ta zo ta halatta shi.

Amma kuma duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san fatawa tana motsi. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa, shekara ta 18 bayan hijira. Imamu Shafi'i ya bar Iraƙi ya koma Masar, ya sauya ra'ayi a mas'aloli da dama, har ake cewa tsohon zancensa da sabon zancensa. Al-Ƙarafi, babban malamin mazhabarmu ta Malikiyya da ya rasu a Masar a 1285, ya gargaɗi mai ba da fatawa cewa in baƙo ya zo masa daga wata ƙasa, ya tambaye shi al'adar garinsu, kada ya auna shi da al'adar nasa garin, kuma ya ce daskarewa a kan abin da aka rubuta a littattafai ba tare da duban wannan ba ɓata ne. Giya ma ba rana ɗaya aka hana ta ba. Nana A'isha ta ce da farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu taɓa barin ta ba.

Umar bai canza ra'ayi a kan sata ba. Ya ga cewa yanke hannun mai jin yunwa zalunci ne, sai ya bi abin da hukuncin ya zo karewa tun farko. A nan na fara samun bakin zaren. Mudun ɗaya ne, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Masu awon ne ke bambanta, wani hannunsa na rawa, wani mudun gidansu ya lotsa tun zamanin kakanni bai taɓa ɗaga shi ya duba gindinsa ba.

Da na koma kan bauta da wannan ido, sai na ga abin da ban taɓa haɗawa ba. Musulunci ya tarar da bauta a ko'ina a duniya. Bai soke ta da kalma ɗaya ba, wannan gaskiya ce da ba zan ɓoye ba don in ji daɗi. Amma dubi inda ya karkata. 'Yanta wuya shi ne kaffarar rantsuwa da zihari da kisan kuskure. Cikin kashi takwas na zakka akwai kason fansar bayi. Suratul Balad ta kira 'yanta bawa hawan tudu mai wuya da ake son mumini ya hau. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri 'yan'uwanku ne, ku ciyar da su abin da kuke ci, ku tufatar da su abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Malaman fiƙihu har ƙa'ida suka yi cewa shari'a tana ɗokin 'yanci. Ƙofar shiga aka ƙuntata, ƙofofin fita aka yawaita. Mu ne muka yi shekara dubu muna faɗaɗa ta shigar saboda gandu na buƙatar hannu.

Kuma ba a rasa masu faɗa ba. Ahmad Baba na Timbuktu, wanda shi kansa Marokawa suka kama suka tafi da shi Marrakesh bayan sun ci Songhai, ya amsa tambayar 'yan kasuwar Tuwat, wani yanki a hamadar Aljeriya ta yau, a farkon ƙarni na 17, ya ce baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya ambaci Barno da Kano da Katsina da Songhai cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin abubuwan da suka hura wutar rikicinsa da Gobir akwai mutanen Gimbana da aka kamo aka biyo da su ta kusa da Degel a ɗaure, jama'arsa suka kwance su, ba a jima ba aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Sai dai waɗannan duka Musulmi suke karewa. Kakata daga cikin duwatsun kudu ta fito, mutanenta ba sa salla, wannan katanga ba ta rufe ta ba. Daular Sakkwato da aka kafa don hana bautar da Musulmi ita ce ta zo ta cika da rumada, har kasuwar Kurmi ta Kano tana da sashen da ake kasa mutane. Wannan tarihinmu ne, kuma ɗaukarsa ya fi mana mutunci a kan musun sa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Ahmad Bey na Tunis. Ya rufe kasuwar bayi a 1841, ya soke bautar gaba ɗaya a 1846, kusan shekara ashirin kafin Amurka ta yi nata a 1865. Hujjar da ya kai wa malamai daga cikin gida ya ɗauko ta: halaccin mallakar yawancin waɗannan mutane abin shakka ne, iyayengiji ba sa kiyaye haƙƙinsu, don haka a toshe abin da aka yi rangwame a kansa don kada ya jefa mutane cikin haram. Manyan muftan Malikiyya da na Hanafiyya suka amince masa. Mu a nan sai da Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, ya yi shela a 1901 cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, aka ci gaba da murgu da fansa a gaban alƙalai, har zuwa 1936 da aka soke abin baki ɗaya. Saudiyya sai 1962, Muritaniya 1981. Yana yi mini ciwo cewa baƙon da ya zo da bindiga ne ya tilasta mana abin da littattafanmu suka daɗe suna nuna mana hanyarsa.

Wata abokiyar aikina Kirista, da na ba ta labarin, ta ce su ma haka. A Amurka masu gandun auduga da masu yaƙi da bauta littafi ɗaya suke buɗewa ranar Lahadi. Babbar ɗarikar Baptis ta kudancin ƙasar a kan wannan rigimar ta ɓalle a 1845, sai 1995 ta fito ta nemi gafara. Littafin bai sauya ko harafi ba a tsakanin shekarun nan 150.

Kada kuma wani ya ce zance ne na da. Hadijatou Mani, 'yar Nijar, tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a matsayin wahaya, abin da ake kira mace ta biyar. Nijar ta mayar da bauta laifi a dokarta a 2003, amma sai da ta kai ƙara kotun ECOWAS, wadda a watan Oktoban 2008 ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. A yankin Birnin Ƙonni aka yi wannan, ƙasar Hausa tsantsa, kuma masu yin abin da rigar addini suke rufe shi.

To Malam fa? Na daɗe kafin in iya faɗin wannan. Abin da aka yi wa kakata zalunci ne ranar da aka yi shi, ba sai da zamani ya juya ya zama zalunci ba. Harin asuba a kan masu korar tsuntsu farautar mutane ce don a samu na sayarwa. Hadisi yana cikin Bukhari, Allah ya ce mutum uku shi ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama, ɗaya daga ciki wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Malam ya san hadisin, ƙila ma ya karantar da shi. Mutumin da ya yi tafiyar yini don wuri ashirin bai tambayi yarinyar da ke ɗebo masa ruwan alwala yadda aka yi ta zo hannun dillali ba. Ba mugu ba ne. Kowa a garin haka yake yi, liman na yi, alƙali na yi, sai abin ya zama kamar iska, ana shaƙa ba a gani. Hisabinsa yana wurin Ubangijin da ya san iyakar abin da kowane bawa ya iya hangowa, ina kuma roƙa masa gafara a kowace salla. Amma ba zan ce da kakata ba a yi mata komai ba don in kare sunan da nake amsawa.

Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Hadisin nan na mutum uku, na ƙarshensu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya gama more aikinsa, ya hana shi ladansa. Ina karanta shi a wayata da safe, a falo, sai na ji ƙarar kwanuka daga bayan gida.

Akwai yarinya a gidana. Wata mata mai kawo 'yan aiki daga ƙauye ce ta kawo ta, a lokacin ba ta wuce shekara 11 ba. Duk ƙarshen wata matar ke zuwa ta karɓi kuɗin. A tabarma take kwana a lungun da muke ajiye buhunan abinci. Kullum da safe nakan wuce ta tana wanke-wanke in sa 'ya'yana a mota in kai su makaranta, ɗaya daga cikinsu sa'arta ce. Shekara biyu ina wannan. Ina salla a sahun farko, ina fitar da zakka, ban taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma ban taɓa tambayar ta sunan garinsu ba. Dokar ƙasa ta 2015 ta hana ɗaukar yaron da bai kai 12 ba aikin gida, amma ba dokar ce ta kama ni ba, zaman kakata a bakin ƙofa ne.

Na kira ta na tambaye ta. Ta faɗi sunan ƙauyen nan take, har da sunan unguwa da bishiyar da ke ƙofar gidansu, kamar dama jira take a tambaya.

Da na yi wa maiɗakina maganar, ta ce, "Abban yara, kowa fa haka yake yi. Kuma in muka mayar da ita, talla za a ɗora mata, ko a yi mata aure baɗi." Rabin maganarta na biyu gaskiya ne, na kuma san da tausayi ta faɗe shi. Rabin farko kuwa shi ne abin da na tabbata an faɗa a zauren Malam.

Muka shirya muka je ƙauyen tare, tafiyar awa uku. Uban ya karɓe mu a ƙarƙashin bishiyar da ta faɗa. A nan muka gane cewa abin da ke isa hannunsa bai kai rabin abin da muke bayarwa ba, kuma uwar ta yi wata goma sha huɗu ba ta sa 'yarta a ido ba, tana ƙirge da watannin. Na ba su zaɓi, ta zauna gida mu ɗauki nauyin karatunta, ko ta koma tare da mu a kan sabon sharaɗi. Makarantar ƙauyen malami ɗaya gare ta, sai uban da uwar da ita kanta suka zaɓi ta koma. Yanzu kuɗin kai tsaye yake zuwa hannun uban, ɗaki ɗaya take kwana da 'yata, mota ɗaya ke kai su boko da safe, da yamma su tafi Islamiyya. Wanke-wanken an raba shi tsakanin yaran gidan duka, abin da ya jawo mini fushin babban ɗana na mako guda. An sa ta aji biyu tana da shekara 13, ta fi kowa tsawo a ajin, ranar farko ta dawo tana kuka, washegari ta riga kowa sa takalmi.

Har yanzu in na gan ta tana shara da asuba kafin sauran su tashi, don hannunta ya saba, gabana yakan faɗi, in ce ta ajiye tsintsiyar. Gwaggo ta zo mana kwana biyu da azumin bana, ta sa yarinyar ta zauna kusa da ita ta yi mata tilawar izu ɗaya, ta riƙe hannunta har ta gama. Ranar Asabar mai zuwa za a ba su hutu, zan kai ta gida wurin uwarta, kuma Baffa ya ce zai raka ni.